Dami Arba'in da Na Rubuta wa Babana

Ni malamin lissafi ne, ko dai in ce na taɓa zama. Farkon shekarun saba'in ina koyarwa a wata firamare a Bebeji, ina da mata da 'ya'ya biyu da keke, ga agogo a hannu, ina kuma ji da kaina fiye da kima. Ƙauyenmu yana kudu da Bebeji, a bakin kogi, yana cikin waɗanda aka ce ruwan dam ɗin Tiga zai cinye. Babana da innata da sauran mutanen gidanmu duk suna can, ni kuwa sai da salla ko in an yi rasuwa nake leƙa su.

Da maganar tayar da mutane ta kankama, masu aikin suka aiko neman wanda ya iya lissafi ya kuma san ƙauyukan. Hedimasta ya ba da sunana, na yi ta murna kamar an ba ni sarauta. Aka haɗa ni da wani injiniya, haifaffen cikin birnin Kano, ya yi karatu a Ingila, siriri, ba ya ɗaga murya, shayi ba sukari yake sha tun safe har yamma. Ofishinsa wani ɗakin kwano ne a Tiga, in rana ta take sai ka ji kamar gasa ka ake yi. Teburi ɗaya ne a ciki, sai taswira a bango, sai baƙin allo irin na ajinmu.

Ranar farko ya ɗauki alli ya rubuta kalmomi biyu na Turanci a allon, operations research. Ya ce haka Amurkawa suke faɗa, amma a Ingila inda ya koyo shi operational research suke cewa, masu ƙyuya kuma haruffan farko biyu kawai suke kira su wuce. Ya ce duk abu ɗaya ne, sunan fanni guda ne kamar yadda za ka ce lissafi ko likitanci. Asalinsa wai lokacin yaƙin duniya na biyu ne, sojoji suna da jiragen sama da na ruwa 'yan kaɗan, wuraren tsarewa kuwa sun yi musu yawa, sai suka tara masana lissafi suka ce su zauna su gano inda za a tura me, da yaushe. Da yaƙi ya ƙare masana'antu da 'yan jirgin ƙasa suka ɗauka. Ma'anarsa dai a taƙaice, in ji shi, kana da kayan aiki kaɗan, aiki ya yi yawa, lokaci ya ƙure, sai ka mayar da komai lamba ka nemo tsarin da ya fi kowane tsari. Na tambaye shi sunansa da Hausa, ya yi dariya ya ce ai shi ya sa aka kawo ni. Na sa masa lissafin tsara aiki, har yau ban ji wanda ya kira shi haka ba sai ni.

Wallahi abin ya shiga raina. Ni da na shekara goma ina koya wa yara raba goro tsakanin mutum biyar, yau ga lissafin da zai ɗaga gari sukutum ya ajiye shi wani wuri. Na koma gida ina yi wa matata bayani tana tankaɗe, ta ce to Allah ya ba da sa'a, in miƙo mata faifai.

Aikin da ke gabanmu shi ne wannan. Motoci huɗu aka ba ɓangarenmu, masu bodin katako, su za su kwashe ƙauyukan zuwa sabon mazauni a kan tudu kafin damina ta faɗi, don an ce da ruwan farko za a rufe bakin dam. Nisan kowane ƙauye yana taswira. Yawan mutane yana wajen dagatai. Abin da ba a sani ba shi ne nauyin kaya, kayan manomi kuwa ba gado da tukunya ba ne, hatsi ne. Saboda haka injiniya ya ba ni littafi mai layi-layi ya ce in bi gari-gari in tambayi kowane maigida dami nawa ne a rumbunsa.

Shekarar fari ce, kar ka manta. Damina biyu a jere sun yi gardama, mutanen arewa suna ta gangarowa da tabarmi a ka, shanun Fulani suna faɗuwa a hanya. A cikin irin wannan shekara ni na ɗaura littafi a bayan keke na tafi tambayar mutane abin da ke cikin rumbunsu. In da wani ne ya yi haka da na ce baƙo ne, ba shi da laifi. Ni kuwa a nan aka yanke mini cibiya. Na san maigida ba ya faɗin abin da ke rumbunsa, ko ga matarsa. Shi kaɗai yake hawa ya ɗebo, in ka tambaye shi amfanin bana sai ya ce alhamdu lillahi, an sami ɗan abin da ba a rasa ba. Wasu sun ce ƙirgawa a fili tana kore albarka, wasu bakin mutane suke tsoro, kowa kuma in ya ga takarda haraji yake tunawa. Duk na san wannan tun ina yawo ba wando, amma sai na ajiye shi a Tiga tare da alli na kama hanya.

Ƙauyenmu na zo a kwana na tara. Da safe na shiga gida na durƙusa na gai da Baba, ya tambayi iyali da aiki, Inna ta dama mini fura. Bayan azahar mai unguwa ya tara magidanta a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, aka shimfiɗa tabarmi, ni kuma aka kawo mini kujera. Kujera fa, Baba yana zaune a ƙasa. Na hau abata na ɗora littafi a cinya. Na riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce ashirin, wancan ya ce sha biyar, wani ya ce shi sai dai Allah. Mutane sai kallon ƙasa suke yi, ni ina ta rubutu ina jin daɗin yadda layukan suke cika.

Da na iso kan gidanmu sai na ɗago. Baba dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda duk ƙauyen ya san bai taɓa auno hatsi a kasuwa ba tun da ya zama maigida, haka ubansa ma. Rumbunan ƙasa uku ne a bayan gidanmu, manya, a kan duwatsu, kowanne da jinkarsa. Ya daɗe yana murza gefen tabarma da yatsa kafin ya yi magana.

"Rubuta arba'in," in ji shi.

Na rubuta arba'in. Na ce a raina ai fari ake yi, tsoho ya ci ya raba, saura kenan. Ban tambaye shi komai ba na wuce gida na gaba.

Da la'asar ina ɗaure jakata a keke Inna ta fito zaure, abin da ba ta saba ba, ta ce in leƙa bayan gida babana yana can. Na duba agogo na ce sauri nake yi, akwai ƙauye ɗaya da nake so in gama kafin magariba, ta gaishe mini da shi. Ta tsaya tana kallona har na hau. Sai bayan shekaru ta gaya mini cewa ranar ya jingina tsani a rumbun tsakiya ya ɗage jinka, ya zauna a gindinsa yana jirana har aka kira salla. Ni da ban taɓa leƙa cikin rumbun nan ba tun da aka haife ni, ranar ya yi niyyar nuna mini.

Mako guda muka yi muna tsara jadawali, ni da injiniya. Ƙauyuka a jere ta hagu, motoci ta sama, kwanaki ta ƙasa. Garin da kayansa suka fi yawa shi zai fara, a ba shi kwanaki da yawa, wanda kayansa ba su da yawa ya jira ƙarshe tunda kwana biyu sun ishe shi. Muka goge muka sake, muka goge muka sake, har muka rage sawun motocin ƙwarai daga yadda direbobi suka so yi da farko. Ƙauyenmu shi ya fi kowa ƙarancin hatsi a littafina, don mutanenmu sun fi kowa iya rufin asiri, saboda haka shi ya zo na ƙarshe. Har wani daɗi na ji, na ce ba mai cewa ɗan gari ya yi son kai. Injiniya ya ba ni hannu ya ce da a Ingila nake da na yi nisa, ni kuwa na kwana uku ina tuna maganar.

Tun a ƙauyen farko abin ya fara warwarewa. An ba su kwana huɗu, suka ci shida. Babban direban, wani mai ƙiba ɗan Tudun Wada, ya same ni ya ce Malam takardar nan taka ƙarya take yi, gidan da ka rubuta dami goma mun ɗebo hamsin. Na hau shi da faɗa, na ce su ne ba sa loda mota yadda ya kamata, suna tsayawa cin rogo a hanya. Ya kalle ni kawai ya tofar da goro ya tafi. A ƙauye na uku injiniya da kansa ya gane, ya rubuta takarda yana neman ƙarin motoci, aka ce babu. Sauya jeri kuma bai yiwu ba, don garuruwan da ke gaba duk sun riga sun sauke rufin ɗakunansu suna jira a fili da yara. Kowane gari ya ci kwana biyu ko uku a kan nasa, duk kuma a wuyan na ƙarshe suke taruwa.

A nan ne tsoro ya kama ni. Na tuna arba'in ɗin nan, na tuna girman rumbunan. Amma ko a lokacin ban hau keke na je na tambayi Baba ba. Kunya ce ta hana ni, da kuma fatan banza cewa wataƙila shi kam gaskiya ya faɗa, tunda ɗansa ne ya tambaye shi.

Ranar da motoci suka iso ƙauyenmu hadari ya riga ya fara haɗowa ta kudu kowace yamma. Baba ya hau rumbun farko da kansa, ya ƙi yarda kowa ya taya shi, yana miƙo dami ana karɓa a ƙasa. Ina tsaye ina ƙirgawa a zuci. Aka wuce arba'in, aka wuce tamanin, aka wuce ɗari, rumbun bai kai gindi ba. Wannan gero ne kawai. Na tsakiya cike yake da dawa farfara ta shekara uku, na ƙarshe kaura da maiwa. Ashe duk tsawon farin nan gidaje shida na dangi da surukai daga rumbunan nan suke ci, Inna ce take aikawa a rufe cikin ƙwarya ba wanda ya sani, su ma masu karɓa kowa yana zaton shi kaɗai ne. Da ya faɗi gaskiya a gindin tsamiya da ya tona asirinsu, da kuma washegari rabin ƙasar ta taru a ƙofar gidansa. Haka maƙwabta ma, kowa da ninkin abin da ya faɗa. Babu wanda ya kalli wani, babu kuma wanda ya kalle ni.

Kwana biyu aka ba mu, kwana biyun kuma muka samu, don an ce motocin su koma wani aiki sannan su dawo. Mata da yara da tsofaffi da kayan ɗaki su aka fara kwashewa. Gidanmu sawu ɗaya ya samu na hatsi, bai ma kwashe geron duka ba. Baba ya ce shi ba inda za shi sai rumbunansa sun tafi, ya shimfiɗa buzu a zaure ya zauna, gari ya watse ya bar shi da 'yan tsofaffi uku masu irin matsalarsa.

Washegari aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Shekara biyu muna roƙon sa bai zo ba, sai ranar. Hanyar ƙauyenmu ta cikin fadama ta bi, da mota ɗaya ta dawo bayan kwana uku sai ta nutse har gindi, aka yini ana haƙa kafin a fitar da ita, direbobi suka rantse ba mai sake shiga. Na je na nemo jakuna a Yako da wajen Kiru, duk wanda na samu. Jaki dami huɗu yake ɗauka, tafiyar kuma rabin yini ce, ga taɓo har gwiwa. Na zauna na buga lissafin, don shi kaɗai na iya, ya nuna mini muna bukatar wata guda da 'yan kwanaki. Ruwa kuwa an rufe masa hanya, kullum safe sai mu ga ya matso. Da aka yi ta maka ruwa a duwatsun Riruwai da Doguwa, kogin ya taho da shi gaba ɗaya, abin da yake ci a kwana uku ya koma ci a yini guda. Irin shuka da ɗan abin da jakuna suka iya muka fitar, sannan fadamar ta cika, jaki ma ya daina wucewa.

Kwana goma sha ɗaya Baba ya yi a can. Sauran tsofaffin sun haƙura sun fito, shi ya ƙi. Na ɗauki wani masunci da kwalekwalensa muka shiga da hantsi. Muka bi ta kan gonar da na koyi noma, karan bara yana gogar cikin jirgin. Muka same shi tsaye a bayan gida ruwa har cinya, ya naɗe riga, yana tura ƙasa da hannu a gindin rumbun tsakiya wai yana toshewa. Duwatsun da rumbunan suke kai sun riga sun nutse, cikinsu ya jiƙe ya yi baƙi har kusan ƙirjin mutum. Na ce bari in hau in miƙo ko dami goma ne mu zuba a jirgi. Masuncin ya riƙe mini riga ya ce in na taka tsanin nan da ni za a binne.

Ba mu daɗe ba kuwa. Rumbun bai yi wata ƙara ba, zama kawai ya yi a hankali, gefe ɗaya ya buɗe, dammunan dawa suka yi ta gangarowa cikin ruwa suna juyawa. Na ƙasa sun riga sun kumbura har sun fara tsiro, wari mai tsami ya tashi. Jinkar ta zame ta kama hanya a kan ruwa. Baba ya kamo dami ɗaya ya rungume, ya ga nauyin ruwa ya fi ƙarfinsa, ya sake shi. Muka ɗaga shi muka sa a jirgi, bai hana mu ba. Har muka fita bai waiwaya ba, ni ne nake ta waiwaye ina kuka kamar ba magidanci ba, na ga na ukun ma ya fara karkacewa.

Na tafi Tiga da fushina, na shiga ɗakin kwanon nan ko sallama ban yi ba. Na ce wa injiniya ga abin da iliminsa ya jawo, ilimin Turawa na banza da wofi, na faɗi maganganu da yawa waɗanda ba zan maimaita ba. Ya bar ni na gama, ya ture kofin shayinsa gefe. Ya ce lissafin daidai yake, in sake bugawa in ina so, abin da aka zuba masa ne ba daidai ba.

"Malam, waɗanda suka ƙago wannan abu jirage suke ƙirgawa, jirgi kuwa ba ya ɓoye komai," in ji shi. "Ni a birni na tashi, ban taɓa mallakar rumbu ba, ban san ba a tambaya ba. Kai fa?"

Na ajiye masa littafinsa a teburi na fita, ban sake komawa ba, shi ma bai aiko nemana ba. Mutumin kirki ne, na tsane shi shekara da shekaru saboda wannan tambaya.

Sabon mazaunin kan tudu ne, tsakuwa da jar ƙasa, ba inuwa. Baba ya shuka irin da muka tsirar, amma an makara, ƙasar kuma ba ta san shi ba, dawar ta tsaya iya ƙugu ta fitar da 'yan zangarniyoyi kamar yatsu. Gidaje shidan nan da suke ci a ɓoye suka watse, wasu suka tafi Kano, wasu suka koma kamun kifi a kan ruwan da ya cinye su. Wata gwaggona ta rasa yara biyu a wannan daminar, ba na cewa yunwa ce kaɗai, amma na san da rumbunan suna nan da ƙwarya ta je gidanta. Kafin kaka geron da mota ta kawo ya ƙare ƙarƙaf.

Inna ce ta aiko mini a asirce cewa hatsi ya ƙare. Na je kasuwar Tudun Wada, nesa da idon mutanenmu, na auno dawa buhu guda, na ɗaura a keke na tura shi har gida. Na so in shigar da shi ta baya, sai na tarar sabon gidan ba shi da baya, dangar kara ce kawai da ƙofa ɗaya, Baba kuma yana zaune a bakinta. Ya kalli buhun, ya kalli ɗinkin bakinsa irin na 'yan kasuwa, ya kawar da kai. Ya rame, rigar da na san shi da ita ta yi masa yawa. Na jingine keken na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Abin da ya daɗe yana cina ya fito da kansa.

"Baba, don Allah me ya sa ba ka gaya mini gaskiya ba? Ni fa ɗanka ne."

Ya juyo ya dube ni.

"Ranar, ɗana da safe ya zo ya gaishe ni, bai tambaye ni komai ba," ya ce. "Wanda ya tambaye ni a kan kujera yake, da takarda, a gaban jama'a. Shigar da kayanka ciki, Malam, uwarka tana jira."

Ni ne ɗan farinsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba, kai yaro yake ce mini ko da na yi gemu. Daga ranar ya koma ce mini Malam, kamar yadda yake ce wa malamin haraji da malamin tsafta. Ya ci tuwon dawar da na auno, don ba shi da wani, loma uku ko huɗu ya wanke hannu. Shekara huɗu ya ƙara a duniya, kowane wata ina turo buhu a keke, yana cewa an gode Malam. Bai sake gina rumbu ba.